Kujerar Wata

Sabon gida a Talaje, fenti bai gama bushewa ba,
kujerun roba shida, farare, duk fuska ɗaya,
a zauna, a tashi, ba su san an zo ba.
Ran Asabar na ce bari in leƙa Katako,
ko in dace da abin zama mai shekaru.

Bayan masu zubin tukwane rumfar Arzika take,
mutumin Buza, ido ɗaya ya yi fari,
ɗayan kuwa yana ganin har ƙasan aljihu.
Ya jera su kamar awaki ranar kasuwa,
na miƙa hannu ga wata baƙa mai sheƙi.
Ya yi dariya. “Wannan ta baƙi ce, Malama.
Bara aka sassaƙe ta, aka sha mata hayaƙi,
aka shafe ta da baƙin mai, ta kwana bakwai cikin rami.
Tsufan haya ne.
Ke da kika gaishe ni da harshen gida,
juya ta ki ga gindi.”

Na juya. Sawun gizago ɗanye shar.

Ya ce, “Ƙwanƙwasa. In ta amsa kamar ganga,
gara ta riga ki saye.
Sansana. Ƙirya ba ta ɓoye kanta,
gawo kuwa sauƙin ɗauka, saurin mutuwa.
Kar ki bi zane, zane kowa na yi.
Nemi inda zama ya ci.”

Can ƙarƙashin tarin turame na gan ta,
gajeriya, ba ta kai tsawon kamu ɗaya da rabi ba,
tsakiyarta ta lotsa kamar tafin hannu,
ta tsage a gefe, wani ya ɗaure tsagar
da bakin gwangwanin tumatir da ƙusa uku.
Ƙuna a kusurwa ɗaya.
Ƙafa huɗu, ba biyu da suka yi daidai.

Ta wa ce?
Ya ɗaga kafaɗa. “Daga wajen Keita aka kawo,
cikin buhu, da ludaya da akushi.”
Ban tambayi wace shekara ba.
Na san irin shekarar da ke fitar da kujera daga ɗaki.

Jika goma sha biyu. Na ce biyar. Albarka.
Na yi kamar zan tafi, ƙafata ta ƙi.
A takwas muka rabu, kowa na ƙorafi.

A gida ta ƙi zama.
Kan siminti sai rawa, gungur, gungur,
na cusa takarda, na cusa murfin kwalba.
’Yata Zuwaira ta ce a ɗora mata tukunyar fure,
a kai ta lungu, ta yi kyau a hoto.
Haka ta yi wata biyu, tana ɗauke da furen roba.

Sai Inna ta zo ganin likita.
Ta wuce kujerun roba ba ko sallama,
ta sauke furen, ta fita da ita tsakar gida,
ta dasa ta cikin rairayi gindin dogon yaro.
Kujera ta tsaya cak.

Inna ta zauna, ta gyara, ta sake gyarawa,
ta shafa ƙunar da babban yatsa.
“Mai wannan ta fi ni jiki,” in ji ta,
“kuma bahaguwa ce.
Dubi gefen da ta sa murhu.”

Ta yi shiru har ladan ya kira la’asar.
Sannan ta ce, “Allah ya ji ƙanta, in ta rigaye mu.
Zuwaira, miƙo mini kuɓewar nan da wuƙa.”